Bokitin Bulus a Hor Al Anz

Na san maganar da ake yi a kaina a dangin mahaifiyarku, na kuma san ta daɗe da isowa kunnuwanku, ko da yake ba wanda ya taɓa tarar gabana da ita a cikinku. An ce Malam Isiyaku ya dafa giya a Dubai. An ce korarsa aka yi daga gidan da yake zaune. Masu ƙarin gishiri ma sun ce an gan shi yana tangaɗi a bakin titi. Shekara da shekaru na yi shiru, ina ganin wanda ya san ni ba ya bukatar bayani. Yanzu da gwiwa ta fara ciwo, ido ya fara gajiya da karatu, na ga gara ku ji daga bakina, da abin da zai wanke ni da abin da ba zai wanke ni ba. Ke Hauwa'u kin san rabi. Ƙannenki ba su san komai ba sai jita-jita.

A lokacin ina gyaran injinan sanyi a wani kamfani da ke Al Qusais, irin manyan ɗakunan nan da ake ajiye nama da kayan marmari, inda mutum zai shiga da rigar sanyi ya fito ya tarar rana tana neman narkar da kwalta. Muna zaune mu huɗu a hawa na uku na wani tsohon bene a Hor Al Anz. Babbanmu Alhaji Sabo ne, mutumin Kano, ma'aikacin wani ofishin kago, masu aika kaya ƙasashen waje, a Al Khabaisi, kuma sunansa ne a takardar haya. Shi ke ja mana salla idan ba mu samu zuwa masallaci ba. Shekara tara muna cin abinci a faranti ɗaya da shi, har zumunci ya kai ga ɗan ƙaninsa Nasiru ya ga Hauwa'u a Kano ya ce yana so, ita ma ta ce ta amince. An kai goro, an sa rana bayan babbar salla. Sai Mahamadu, ɗan Maraɗi, mai fataucin turare, mutum mai sanyin hali. Na huɗunmu shi ne Bulus.

Bulus mai gyaran wutar lantarki ne a kamfaninmu, Kirista, ɗan wani ƙauye a kan duwatsun kudancin Bauchi, magidanci mai 'ya'ya uku a gida. Ni na kawo shi gidan. Alhaji ya gindaya masa sharuɗɗa uku a ranar farko: ba giya, ba naman alade, ba baƙuwar mace. Bulus ya ce ya ji, kuma shekara biyu bai saɓa ba. Ɗan ƙaramin ɗakin da ke bayan kicin aka ba shi, wanda aka gina don 'yar aiki, da ɗan banɗakinsa a ciki. Sanyin esi ba ya kaiwa can sosai, amma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba. Da azumi shi ke rigan mu dawowa ya ɗora miya, don ya ce shi kaɗai ke iya ɗanɗana gishiri kafin magariba. Alhaji da kansa yakan ce, “Wannan yaro musulunci kawai ya rage masa.” Bulus sai ya yi dariya ya ce, “Alhaji, a bar ni haka, wa zai ɗanɗana muku miya?”

A farkon zafin shekarar mahaifinsa ya rasu. Fasfonsa yana wajen sabunta biza, kafin ya fito an riga an yi jana'iza an watse. Muka yi masa ta'aziyya, Mahamadu ya dafa masa shayi, ya karɓa da godiya. Daga nan ya rage magana. Yakan dawo daga aiki da ledoji ya shige ɗakinsa ya rufe. Muka ɗauka baƙin ciki ne, muka ƙyale shi.

Wata Laraba na yanke a hannu a wurin aiki, aka ɗaure mini aka ce in tafi gida. Na iso bayan azahar, ba kowa sai takalman Bulus a ƙofa, ranar hutunsa ce. Ina shiga kicin in sha ruwa sai wani wari ya bugi hancina, na tsaya cak da kofi a hannu. Ba wani mai ƙarfi ba ne. Da Alhaji ne sai ya ce shara ce ba a zubar ba. Amma ni na san shi. Warin hatsin da aka jiƙa ya yi tsiro ne, aka dafa shi, ya kwana yana aiki, da wani tsami-tsami a bayansa kamar na ayabar da ta wuce nuna. Shekara fiye da talatin rabona da shi, amma hancina bai manta ba.

A nan ne dole in gaya muku abin da na ɓoye muku. Na sha ce muku ni maraya ne, Malam Habu na Kano ya rene ni. Gaskiya ne ya rene ni tun ina ɗan shekara sha uku, a hannunsa na karɓi kalmar shahada, shi ya raɗa mini Isiyaku. Amma ba maraya ba ne ni a lokacin. Sunana na yanka Nomau. A wata rugar Maguzawa aka haife ni, yamma da Kano, kuma uwata, Ladi, ita ce mai dafa burkutun da duk ƙauyukan yankin suka sani. Tun ina tatata nake bin ta wajen tukwane. Ni ke juya mata tsiron dawa a kan tabarma, ni ke tura itace a murhu. Mace ce doguwa mai ƙaramar murya, tafin hannunta duk tabon wuta. Da na musulunta ba ta yi faɗa ba. Ta ce kawai, “To, Nomau, ka dinga zuwa ina ganinka.” Na je sau biyu, sai kunya ta hana ni. Da ta rasu na je ni kaɗai, na tsaya nesa a gindin wata tsamiya ina kallo har aka gama, ban matsa kusa ba, ban ce wa kowa ni ne ɗanta na fari ba, ko da yake duk sun gane ni. Har zuwa lokacin mahaifiyarku kaɗai na taɓa gaya wa, ita ma sai bayan aure, ta riƙe mini.

Na ƙwanƙwasa ƙofar Bulus. Da ya buɗe ya ga fuskata, bai ma yi yunƙurin musu ba. Ya matsa gefe. A cikin banɗakin ga wani farin bokitin roba mai murfi, an huda murfin an cusa siririn tiyo, bakin tiyon yana cikin kwalbar ruwa yana fitar da kumfa da sauri kamar tukunya a wuta. Ɗakin ya yi ɗumi, bangon da ke fuskantar rana kamar an gasa shi.

Na ce, “Bulus, ka san abin da ka yi? A garin nan? A gidan Alhaji?”

Ya ce, “Na sani, Malam.”

“In sha kake so, ba ga shagunan da aka yarje muku ku saya ba? Ka je can ka sha ka wanke bakinka ka dawo.”

“Ba sha nake so ba. Rabona da ita tun kafin in yi aure.”

Ya zauna a bakin katifa ya yi mini bayani yana kallon ƙasa. A ƙauyensu, in uba ya mutu, bayan 'yan makonni akan yi masa sallama. Ɗan fari ne zai dafa giya da hannunsa, ya ɗebi ƙwaryar farko ya zuba a ƙasa, ya kira sunan uban, ya ce masa ya sauka lafiya, gida yana hannu. Fastonsu ba ya so, amma ba gidan da ya bari. Mahaifiyarsa ta sa ranar, sauran kwana goma sha ɗaya. Kamfani ya ce ba hutu sai sanyi ya shigo. Ƙannensa za su yi taro a can, amma zubawar tasa ce, ba mai yi masa.

Ya ce, “Ban ga gawarsa ba, Malam. Ban zuba masa ƙasa ba. Wannan kaɗai ya rage mini. Na nemi dawa ban samu mai yin tsiro ba, sai alkama na samu a shagon Indiyawa. Sau biyu ina dafawa tana lalacewa. Ta farko ta yi tsami kamar ruwan tsamiya, ta biyu warin fenti take yi. Wannan ce ta uku, jiya na haɗa ta. In ta lalace, lokaci ya ƙure.”

Abin da ya kamata in yi a fili yake. In ce ya zubar yanzu a gabana, in rufa masa asiri, magana ta ƙare. Na buɗe baki da niyyar faɗin haka. Amma idona yana kan kumfar nan mai gudu, kuma na san abin da ke damunta kamar yadda na san sunana. Zafi ne. In zafi ya yi yawa giya takan yi gaggawa, ta ƙone kanta kafin ta nuna. Da bazara uwata takan haƙa rami a inuwa ta binne randunan har wuya a cikin yashi mai laima, ta rufa musu jiƙaƙƙen buhu, ta sa ni in dinga yayyafa ruwa. Ga kuma mutum a gabana yana neman ya yi wa ubansa daga nisan duniya abin da ni na kasa yi wa uwata ina tsaye taku ashirin daga kabarinta.

Na ce, “Zafi ne ke kashe maka ita. Ka samo babban baho ka sa bokitin a ciki, ka zuba ruwa ya kai rabinsa. Ka daskarar da robobin ruwa ka dinga jefawa a ciki safe da yamma. Ka rufa masa jiƙaƙƙen tawul, gefensa ya taɓo ruwan, ka kunna masa fanka. In kumfar ta koma fita ɗaya-ɗaya, ta samu yadda take so.”

Ya ɗago ya dube ni. “Malam, ina ka san wannan?”

Na ce, “Ba aikin sanyi nake yi ba?” Na fita na ja masa ƙofa.

Wannan ne laifina, kuma ba zan rage masa nauyi ba. Ban taɓa bokitin ba, ban ɗanɗana ba, giya ba ta taɓa shiga cikina ba tun ranar da na yi shahada. Amma na san hukuncin wanda ya taimaka, na kuma san na ci amanar Alhaji a cikin gidansa. Na yi alwala na yi la'asar hannuna yana zogi, na roƙi gafara, kuma har yau ina roƙo.

Dabarar ta yi aiki. Warin ya kwanta, Bulus ya fara cin abinci da mu. Abin da ya tona asiri robobin ruwan ne. Firjin gidan ɗaya ne, kullum Mahamadu ya buɗe wajen ƙanƙara ya sa namansa sai ya tarar an cika shi da robobi. Ya yi tambaya ba da wata manufa ba a gaban Alhaji. Ranar Juma'a, saura kwana biyu a yi sallamar, muka dawo daga masallaci gumi ya jiƙa mana riguna, Alhaji bai ko cire hularsa ba ya wuce kicin ya tura ƙofar Bulus. Muka ji salatinsa daga falo.

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci haka ba. Kuma ku sani, yana da gaskiya. Sunansa ne a takarda. Da maƙwabta sun ji wari sun kira hukuma, da shi za a fara tafiya, aikinsa da bizarsa da shekarunsa ashirin a garin duk su tafi a rana ɗaya. Ga shi a falon nan muke shimfiɗa darduma.

Ya ce, “A gidana? Inda nake kai goshina ƙasa? Khalas, magana ta ƙare! Yanzu zan kira 'yan sanda da kaina, kafin wani ya kira mana su.”

Mahamadu ya ce, “Bon, Alhaji, shwaiya shwaiya, a bi a hankali. A zubar kawai, ya nemi wani wuri.”

Bulus ya durƙusa a kan tayil yana ƙoƙarin bayani, maganar ubansa tana fita guntu-guntu. Alhaji ya riga ya zaro waya. Kowa a ɗakin ya san abin da kiran nan yake nufi: ɗauri, sannan a sa shi a jirgi, ba dawowa, 'ya'ya uku da uwa gwauruwa suna jiransa.

Alhaji ya ce, “Laifina ne da na yarda. Ai jini ba ya ɓuya. Wanda aka haifa a gindin tukunyar giya, ko Makka ka kai shi sai ya nemi murhu. Irinsu ba a zama da su.”

Ban shirya ba. Na ji muryata kawai tana fita.

“Alhaji, shekara tara kana zaune da irinsu. Ni a gindin tukunyar giya aka haife ni. Uwata Bamaguza ce, burkutu take dafawa, da shi ta ciyar da ni. Kuma na san da bokitin nan tun kwana tara. Ni na gaya masa yadda zai sanyaya shi. In za ka kira su, ka ce mutum biyu za su ɗauka.”

Alhaji ya daɗe yana dubana kamar yau ya fara ganina. Sannan ya mayar da wayar aljihu a hankali.

Ya ce, “Injiniya, da ka gaya mini tun farko, da ban ƙi ka ba. Musulunci yana shafe abin da ya gabace shi. Amma ka bi ni salla kwana tara ka san abin da ke bayan bangon nan.” Ya juya ga Bulus. “Kafin magariba kada in ga bokitin. Kafin wata ya ƙare kada in ga ɗayanku.”

Bulus ya cika wata 'yar robar ruwa guda ɗaya, ya tuttular da sauran a masai, ya wanke banɗakin da omo har sau uku. Ranar Lahadi da la'asar ya roƙe ni in raka shi. Muka bi bayan sito-siton Al Qusais har inda gini ya ƙare, wani fili na yashi da 'yan ƙayoyi, iska tana busowa kamar daga bakin tanda. Na tsaya daga baya. Ya cire takalmansa duk da zafin ƙasar, ya fuskanci yamma, ya buɗe robar. Abin ya fito fari-fari, gauraye, da 'yar kumfa a sama. Ya zuba a hankali yana magana da yarensu, ban ji komai ba sai sunan uban da ya kira sau uku. Yashi ya shanye nan take. Ya daɗe a tsugune kafaɗunsa suna motsi. Da ya taso ya goge fuska da hannun riga ya ce, “Malam, yanzu ya tafi.” Muka koma tashar jirgin ƙasa.

Muka sami ɗaki ɗaya ni da shi a Al Qusais, cikin wasu Pakistanawa, muka yi shekara uku tare har ya koma gida ya buɗe shagon wayoyin wuta. Bai sake jiƙa ko ƙwayar hatsi ba. Har yau duk salla sai ya kira ni.

Alhaji Sabo bai kai mu ƙara ko'ina ba, kuma na tabbata ba shi ya ƙara wa labarin gishiri ba. Amma ya gaya wa ƙaninsa abin da ya gani da abin da ya ji, don yana ganin haƙƙinsu ne su sani. Kafin sati uku aka aiko gidanmu a Kano cewa a dakata da maganar rana. Ba su ce don me ba, ba su kuma sake waiwayowa ba. Ni na yi magana a Dubai, Hauwa'u ce ta biya a Kano. Wata biyar ina kira, in mahaifiyarku ta miƙa mata waya sai ta ce, “Ina wuni, Baba,” ta mayar.

Da sanyi ya shigo na samu hutu na zo gida. Washegarin isowata da hantsi ina zaune a tsakar gida, sai ga ta da tire. Ta rame. Ta ajiye abincin a gabana, ta zuba mini ruwa, na zaci za ta juya kamar yadda ta saba, sai ta zauna a gefen tabarma. Na fara ba ta haƙuri a kan Nasiru, ta girgiza kai.

Ta ce, “Baba, wanda ya fasa saboda kakata, gara da ya fasa tun ban shiga gidansa ba. Na yi kukan wannan na gama. Abin da ya tsaya mini, a bakin matan unguwa na ji ina da kaka.”

Na ajiye kofin ruwan da ke hannuna.

Ta ce, “Ta san da ni?”

Na ce ta sani. Hauwa'u tana da wata huɗu kakarta ta rasu. Da labarin haihuwar ya kai mata, ta aiko wani ɗan'uwanmu har Kano da zanen goyo, saƙi, baƙi da ratsin fari, ita ta kaɗa zaren da hannunta. A tashar mota na tare shi don kada ya zo gida a gan shi.

“Ina zanen yake?”

Da na iya cewa ya ɓace, ko asu ya cinye shi. Amma na gaji da irin wannan amsar. Na ce mata na karɓa, na jira motarsu ta tashi, na ajiye shi a kan benci a tashar, na taho.

Ta sunkuyar da kai. Hawaye suka dinga ɗiga a kan tabarma, ba ta share ba, ni ma ban hana ta ba, don nawa ma sun zubo. Mahaifiyarku tana tsaye a ƙofar kicin da ludayi a hannu ba ta matso ba. Can Hauwa'u ta ja gefen mayafinta ta goge ido, ta buɗe kwanon, ta tura shi gabana.

Ta ce, “Ci, Baba, zai huce. In ka gama ka gaya mini kamanninta, tun daga farko.”

Na wanke hannu na ci. Rannan har azahar ta yi muna nan zaune ina ba ta labari.